Facin Zuciyar Manaja

Ƙanwata ba ta yi kuka a asibiti ba, kuma ta daɗe ba ta ɗauki ɗanta ba bayan an yi masa aikin zuciya. Duka biyun gaskiya ne, ban zo in musa ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne yadda Gwaggo, ƙanwar babanmu, ta ɗora maganar a ka tana tallanta gida-gida: wai yarinyar ba ta da tausayi, wai ta zauna a gefen gado ta naɗe hannu kamar baƙuwar da ta zo dubiya. Gwaggo sau ɗaya ta taka asibitin nan, shi ma rabin zuwan a bakin ƙofa ya ƙare, tana faɗa da mai gadi. Ni kuwa da ni aka shiga, da ni aka fito. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka ga yadda abin ya kasance.

Auta muke ce mata, don ita ce ta ƙarshe a wurin mahaifiyarmu. A layin da take aiki kuwa ba wanda ya san ta da wani suna sai Mai Faci. Shagonta wani lungu ne a ƙarƙashin matattakalar bene, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da magani. Idan masu hawa benen suka yi yawa, sai ka ga zarurrukan da ke rataye a ƙusa suna rawa. Keken ɗinki ɗaya ne, na ƙafa, da bencin mutum biyu idan ba su da ƙiba, da buhun ƙyallayen da ta daɗe tana tarawa. Ba ta ɗinka sabo. Wandon makarantar da gwiwarsa ta fita, aljihun da makulli ya huda, zif ɗin da ya ƙi hawa, hammatar rigar da mai ita ya ƙi yarda ya yi ƙiba, su ne abincinta. Akwai masu cewa wannan ai ba tela ba ce. Su ne kuma za ka gani da sassafe sun ƙudundune wando a leda suna sallama ƙasa-ƙasa.

A jikinta ta koyi sana'ar. Mu mata huɗu ne, riga kuwa a gidanmu daga kaina take farawa, ta bi ta kan biyun tsakiya, kafin ta iso wurin Auta ta riga ta ga duniya. Tun ba ta kai ƙafarta ga matakin keke ba take zama a bakin ƙofa da allura tana toshe abin da muka yaga.

Tana da wata ɗabi'a da na sha yi mata faɗa a kanta. Idan ta gama faci ta miƙa wa mai kaya, sai ta ce, "Zai kai ka wani lokaci, amma zai dawo."

Na ce mata, "Ke Auta, wa ya tambaye ki? Kin taɓa jin mai lemo ya ce lemonsa da tsami?"

Ta ce, "To ƙarya zan yi masa, Yaya? Duk facin da ke wurin da yake motsi sai ya dawo. Ba facin ne yake yagewa ba, yadin da ke gefensa ne."

Haka take tun tana yarinya, ba yawan magana, amma idan ta faɗa ba ta sa mata gishiri. Mahaifiyarmu takan ce rabin Auta ne kawai yake gidan nan, ɗaya rabin yana wani gari da ba mu san hanyarsa ba. Za a aike ta ɗebo ruwa, a tarar da ita tsugune gaban bokiti tana kallon gajimare a ciki. Allah da ikonsa sai ya haɗa ta da mai gyaran famfo, mutumin da bakinsa ya fi duk famfunan da yake gyarawa zuba. Sun daɗe suna jiran haihuwa. Da yaron ya zo, ubansa ya laƙaba masa Manaja, wai tunda aka haife shi ba wanda ya ƙara ci ko barci a gidan sai da izininsa.

Manaja bai taɓa shan nono ya ƙoshi ba. Zai kama, ya ja kaɗan, ya saki yana haki kamar wanda ya yi dako. Sa'anninsa suna cika riguna, shi nasa suna yi masa yawa. Da aka yi ta gwaje-gwaje, likita ya ce rami ne a bangon da ya raba zuciyarsa biyu, kuma ba irin wanda yake rufewa da kansa ba ne. Ba zan ba da labarin jiran da muka yi a ƙofar ɗakin tiyata ba. Wanda ya taɓa yi ya sani, wanda bai yi ba Allah ya raba shi da shi.

Likitan da ya yi aikin ya fito da hularsa a hannu, mutumin kirki, gajiya har cikin idonsa. Ya ce an dace. Ya tambayi Auta sana'arta, mijin ya riga ta amsawa. Sai likitan ya yi murmushi, yana so ya sauƙaƙa mata bayani.

"Ashe abokiyar aiki ce. Ai faci muka yi masa, Maman yaro. Mun yanko ɗan ƙyalle na musamman mun ɗinke ramin da shi. Ƙirjin ma mun ɗinke, kuma zaren ba sai an cire ba, da kansa zai narke."

Mijin ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce, "Kin ji ko, sun ƙwace miki kasuwa." Ni ma na yi dariya. Likitan bai yi laifin komai ba, bai dai san wa yake gaya wa ba. Ya gaya wa matar da duk facin da ta yi a duniya ya dawo hannunta cewa an yi wa ɗanta faci a wurin da ba ya daina motsi, ya kuma ƙara mata da zancen zaren da zai narke. Auta ta ce, "Mun gode, likita," ta zura hannuwanta biyu a ƙarƙashin mayafi. Daga ranar ta daina taɓa yaron.

Kwanakin farko a ɗakin gilashi ya yi su, inda ake ajiye waɗanda aka fito da su daga tiyata. Wannan ɗaki ba shi da safe, ba shi da yamma. Haske iri ɗaya ne kullum, fari mai sanyi kamar na cikin firiji, kowa kuma a hankali yake tafiya kamar a ƙarƙashin ruwa. Sai ka wanke hannu har gwiwa, ka sa wata riga mai ɗaurin baya, sannan a bar ka ka tsaya. Manaja yana kwance a tsakiyar gado, robobi sun fito daga hancinsa da bakinsa da ƙasan ƙirjinsa, sun bi ta gefe sun tafi wurin injuna, kamar ɗan kabewar da bai rabu da yaɗonsa ba. A saman kansa akwai allo mai koren layi, yana tafiya yana tsalle, yana tafiya yana tsalle. Auta ba ta cika kallon yaron ba, layin take kallo. Na tambaye ta me take gani.

Ta ce, "Ɗinki ne, Yaya. Keken ba ya tsayawa, kuma ban ga mai taka shi ba."

Ni kaina a ɗakin nan na daina sanin ranaku. Wani lokaci sai in ga kamar gadajen suna lilo a hankali, kowane da uwa tsaye a gefensa, kamar jiragen ruwan da aka ɗaure a gaɓa ɗaya. Ba mai yi wa wata magana, amma idan injin wani yaro ya yi ƙara, duk sai mu juya tare.

Aka riƙa cire robobin ɗaya bayan ɗaya. Da aka cire ta baki, ya yi kuka da wata dishasshiyar murya kamar ta tsoho. Aka cire biyun da ke ƙasan ƙirji, aka bar ɗan ƙullin baƙin zare a gurbin kowace. Ta hanci kaɗai ta rage, wadda ake zuba masa nono ta ciki da sirinji. Daga nan aka mai da mu babban ɗakin yara, mai tagogi da shuɗin labule, inda rana take shigowa ta kwanta a ƙasa, ta yi ta rarrafe zuwa bango har la'asar. Ta tagarmu ana hango rufin da masu wanki suke shanya zannuwan gado. Idan iska ta shiga cikinsu sai su cika su tashi, kamar asibitin gaba ɗaya yana shirin tafiya wani wuri da mu a ciki.

Nas ɗin da ke kula da ɓangarenmu wata doguwar mata ce, Sista Doguwa kowa yake ce mata, har likitoci. Ita ta koya mana ɗaukarsa. Ba a kama shi ta hammata, sai dai hannu ɗaya ƙarƙashin kai da kafaɗu, ɗaya ƙarƙashin ɗuwawu, a kwaso shi gaba ɗaya kamar tiren ƙwai. Na gwada, na iya. Ubansa ya gwada yana surutu, "Ranka ya daɗe Manaja, ma'aikacinka ne, kada ka kore ni," shi ma ya iya. Da aka zo kan Auta sai ta ce hannunta da sanyi. Washegari ta ce tana jin kamar mura za ta kama ta. Wata ranar kuma ta ce barci yake, a ƙyale shi.

Sista ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce ba za a sallame shi ba sai ya ci da bakinsa, ya fara ƙara nauyi. Bulumboti kuwa ya ƙi shi ƙememe, da an sa masa sai ya turo da harshe ya kau da kai. Ta ce yaro irin wannan idan ya daɗe da roba a hanci yakan manta tsotso, nonon uwa kuma idan ba a tsotsarsa tafiya yake yi. Yana kuwa tafiya. Auta ba ta taɓa fashin shiga bayan labule ta tatsa ba, amma abin da take fitowa da shi a kwalba kullum ƙasa yake yi. Ina gani, tana gani. Mijin nata kuwa, mai bakin nan, na same shi a baranda ya jingina da bango. Ya ce mini, "Yaya, ni idan bututu ya toshe na san inda zan buga. Wannan ban san inda zan buga ba."

Abin da Gwaggo ba ta gaya wa mutane shi ne aikin da hannuwan nan suke yi da ba su ɗauki yaro ba. Auta ta sa mijinta ya kawo mata tsofaffin rigunansa na ciki, waɗanda wanki ya cinye har suka yi laushi liƙis. Ta yanka su da ɗan almakashinta, ta ɗinka wa Manaja riguna da hannu, masu buɗewa ta gaba, ba maɓalli, sai 'yar igiya a gefe. Duk haɗin ɗinkin ta mai da shi waje, don kada ko zare ɗaya ya goge shi a ƙirji. Uwayen sauran gadajen suka gani suka so, ta yi musu su ma. Wannan ita ce matar da ba ta da tausayi.

Ranar da Gwaggo ta zo, ta shigo da sauran faɗan mai gadi a bakinta. Ta leƙa gadon, ta kama haɓa.

"Ikon Allah. Tela guda, ta sa wa ɗanta riga a bai-bai. Ke Auta, ko zaman asibitin ya taɓa miki kai ne?"

"Sannu da zuwa, Gwaggo."

"Sannunki dai. Tashi ki ɗauke shi mana, ba ki ji yana kuka ba? Mu da muka haifi takwas, ko zazzaɓi yaro ya yi a jikinmu yake wuni."

Na ce, "Gwaggo, cikin takwas ɗin nan wanne aka buɗe wa ƙirji?"

"Ke kuma wannan bakin naki ne ya hana ki ƙiba. Da ƙanwarki nake."

Ta miƙa hannu za ta cafko shi ta hammata. Ban taɓa ganin Auta ta yi sauri irin na ranar ba. Kafin in miƙe ta riga ta shiga tsakanin Gwaggo da gadon, ta buɗe hannuwa. Gwaggo ta ja da baya ta ce to madalla, ke ba ki ɗauka ba, kin kuma hana masu tausayi su ɗauka. Ta suri jakarta ta fita da labarin da take yawo da shi. Ba ita kaɗai ba ce ma. Duk wanda ya zo dubiya da nasa maganin a baki: ki daure, ki yi haƙuri, uwa ba ta tsoron ɗanta. Nasiha ta yi yawa har ta rasa wurin zama, amma ba wanda ya tambaye ta me take tsoro.

Bayan azahar ɗakin yaran yakan yi tsit. Likitoci sun gama zagaye, masu dubiya ba su fara zuwa ba, fanka tana juyawa kamar an tilasta mata. Wata rana a irin wannan lokaci Auta ta yi gyangyaɗi a kujera, allura maƙale a bakin mayafinta. Na ga ƙafarta ta dama tana motsi a ƙasa, tana taka keken da ba ya nan. Hasken taga ya hau gadon ya tsaya a kan kunnen Manaja, har ana ganin 'yan jijiyoyin ciki kamar ganyen da aka ɗaga wa rana. Can ta farka, ba firgigit ba, a hankali, kamar mai fitowa daga kogi.

"Yaya, na yi mafarki ina shago. An kawo mini ruwa in ɗinke."

"Ruwa kuma?"

"Wata mata ce ta kawo shi, a ninke a hannunta kamar zani. Ta ce ya yage ta tsakiya. Na shimfiɗa shi a keke, har da ƙananan kifaye a ciki. Ina ɗinkawa yana haɗuwa, sai in waiga in ga babu zaren. Na ce mata ba zan ba ki shi haka ba. Ta ce ai ba nata ba ne, nawa ne."

Na ce, "Mafarkin rana ne, yunwa ce. Ni tambaya ɗaya zan yi miki, kuma kada ki ce mini hannunki da sanyi. Me ya hana ki ɗaukar yaron nan?"

Sai ta zaro allurar daga mayafi, ta ɗauki guntun ƙyalle, ta soka ta zare, ta ɗaga shi wajen taga.

"Kin ga ramin?"

"Na gani."

"Ba zai taɓa rufewa ba. Kowace allura rami take bari. Faci kuwa ramuka ne a jere, zare ne kawai yake ɓoye su. Idan wurin yana motsi, wannan ramin ya ja ya haɗu da na kusa da shi, shi ke nan. Zuciya ba ta hutawa, Yaya. Ga shi sun ce zaren narkewa zai yi. Idan na ɗauke shi ya yi miƙa, ko ya ja nono da ƙarfi, ya buɗe a hannuna fa?"

"Ke yanzu ɗanki wando ne? Mutum ai warkewa yake yi."

"Kaina ya sani. Hannuna ne bai yarda ba."

"To me ya hana ki faɗa tuntuni?"

"Sai a ce mai facin wando ta raina aikin likita."

Na tashi na sami Sista Doguwa tana jera magunguna a tire, na kwashe duka na gaya mata. Na zaci dariya za ta yi. Ba ta yi ba. Ta ce, "Gobe da safe zan cire baƙin zaren nan na gurbin robobi. Ki tabbata tana kusa."

Da safe Sista ta turo ɗan teburinta mai taya, ta ja labule ta zagaye gadon. A cikin labulen komai ya koma shuɗi, fuskokinmu, zanin gado, har farar rigarta. Auta ta fara sulalewa za ta fita.

"Ina za ki, Mai Faci? Zo ki tsaya nan. An ce mini idonki ya fi nawa ganin ɗinki."

"Sista, ni dai da kin bari..."

"Ba ɗauka na ce ki yi ba. Kallo kawai, shi kyauta ne."

Ta kwance igiyar rigar. Tabon aikin ya sauko daga ƙasan wuyansa har ƙarshen ƙirji, siriri, kamar an ja layi da alli. Ƙasa da shi ga ƙullin zaren biyu. Sista ta ɗaga ɗaya da ɗan hantsaki, ta datse, ta zare. Manaja ya ɓata fuska kamar an kawo masa takardar da bai so, sannan ya tsala kuka. Ƙirjin ya hau ya sauka, ya hau ya sauka. Auta ta riƙe ƙarfen gado har jijiyoyin hannunta suka tashi. Fatar ba ta buɗe ba. Sista ta cire na biyun, ta ɗora zarurrukan a kan auduga ta miƙa mata.

"Ga zarenki. Me ya riƙe wurin yanzu?"

Auta ta sunkuya har numfashinta yana taɓa cikin yaron. Ta daɗe a haka.

"Ya kama kansa," ta ce.

"To. Yanzu nuna mini inda aka sa masa allurar ƙarin ruwa ranar da aka fito da shi."

Auta ta san wuraren duka, tun a ɗakin gilashi ta haddace su. Ta nuna bayan hannun hagu, ba tare da ta taɓa ba. Babu komai. Ta nuna gefen wuya. Wani ɗan duhu ne kawai, kamar cizon sauron da ya kwana biyu. Ta ce akwai ɗaya a ƙafa, Sista ta ce ta duba da kanta, ita hannunta da magani. Sai ga Auta ta sa yatsu ta juya ƙafar ɗanta tana neman rami. Ba ta ma san ta taɓa shi ba. Ni na sani, na kama bakina.

"Na cikin fa?" ta tambaya. "Facin."

"Zaren da ya riƙe shi ba mai narkewa ba ne, na fata ne yake narkewa. Kuma naman zuciyar zai bi ta kan facin a hankali ya lulluɓe shi, har ya zama nasa. Ke yadinki tsufa yake yi a gefen faci. Wannan yadin girma yake yi."

"Da tun farko an ce haka."

"Da tun farko kin tambaya. Zauna."

Ta zauna. Sista ta kwaso Manaja ta ɗora mata shi a hannu kafin ta samo wani uzurin. Auta ta sandare, kafaɗu a ɗage, kamar an miƙa mata kwanon da ya cika maƙil da mai. Yaron yana ta kuka, robar hancinsa tana lilo. Bai kama nan da nan ba. Ya juya kai can, ya juya nan, ya yi fushi, ya tura ta da ɗan hannunsa. Sista ta cusa mata matashi ƙarƙashin gwiwar hannu, ta ce kada ta matsa masa, ya daɗe bai zo wurin ba, sai ya tuna hanya. Auta ta fara yi masa wata 'yar murya ƙasa-ƙasa, ba waƙa ba ce, irin gunagunin da take yi idan zare ya ƙi shiga allura. Ya yi shiru yana saurare. Can ya buɗe baki, ya kama.

Ya ja kaɗan ya tsaya. Mu duka muka tsaya tare da shi. Ya ja numfashi, ya ci gaba.

Ana cikin haka mijin ya leƙo ta labule da ledar burodi, baki a buɗe zai fara. Na ɗaga masa yatsa. Ya haɗiye maganar da ƙyar, ya kalli matarsa, ya kalli ɗansa, ya raɗa mini, "Manaja yana mitin ne?"

Na ce, "Yana mitin. Jira a waje."

Ya fita a kan yatsun ƙafa, na ji shi a baranda yana fyace hanci yana gaya wa wani cewa ƙura ce ta shiga idonsa.

Da yaron ya saki nono ya yi barci, Sista ta zo za ta mai da shi gado. Auta ta ce hannunta ya mutu tun daga kafaɗa.

"To kawo shi."

"A'a, bar shi tukuna."

Ba ranar aka cire robar hancin ba, nonon ma ba ranar ya dawo ba. An ɗauki kwanaki ana haɗa masa, rabi a ƙirjin uwarsa, rabi ta sirinji. Akwai safiyar da sikeli ya koma baya. Amma daga baya ya fara hawa, kaɗan-kaɗan, abin sirinjin yana raguwa, har wata safiya Sista ta ɓare filastar kuncinsa ta zare robar. Ya yi atishawa, ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya da fuskar da ba mu taɓa ganinta babu komai a kanta ba tun ranar tiyata.

Ranar sallama ni na ɗauki jaka, ubansa ya ɗauki bokiti da filas, ita ta ɗauki ɗanta. A bakin ƙofar asibitin rana ta dalle masa ido, ya runtse ya cusa fuska a wuyanta. Auta ta juya wa ranar baya don ta yi masa inuwa, ta tsaya a haka har motar da za ta kai mu gida ta iso.